Gona da Fagen Fama: Tarken Wasiƙun Paul da Marie Pireaud da Matsayinsu a Darasin Rubutun Wasiƙa

1.0 Gabatarwa

A manhajar Hausa ta makarantun sakandare, wasiƙa tana zaune ne a ƙarƙashin insha'i, ba a ƙarƙashin adabi ba. Malami yakan koyar da inda ake sa adireshi da kwanan wata, da yadda ake buɗewa da gaisuwa, da yadda ake rufewa a sa hannu, sannan ya rarrabe tsakanin wasiƙar sada zumunci da ta neman aiki. Duk wanda ya taɓa zama gyaran takardun jarrabawa a cikinmu ya san abin da wannan koyarwa take haifarwa: wasiƙu arba'in, zubi ɗaya, gaisuwa ɗaya, kuma da ƙyar a samu guda biyu da suka gaya wa wanda aka rubuta wa wani abin da bai sani ba. Ɗalibi ya iya ƙera ƙwarya, amma bai san abin da zai zuba a ciki ba.

Wannan takarda za ta yi tarken wasu wasiƙu na gaskiya, waɗanda wani manomi ɗan ƙasar Faransa mai suna Paul Pireaud da matarsa Marie suka riƙa aika wa juna lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ana adana ainihin wasiƙun a ma'ajiyar tarihin soja da ke Vincennes a gefen birnin Faris. Wata masaniyar tarihi ta Jami'ar Colorado a Amurka, Martha Hanna, ita ce ta nazarce su ta gina littafi a kansu, mai suna Your Death Would Be Mine, wanda maɗaba'ar Jami'ar Harvard ta buga a 2006. Tambayar da muke son amsawa ita ce: mene ne ƙimar waɗannan wasiƙu a matsayin rubutun zube, kuma ko sun cancanci a fassara wani ɓangare nasu a sa a gaban ɗalibin Hausa? Amsarmu ita ce sun cancanta, amma da sharuɗɗan da ba ƙanana ba.

2.0 Ma'auratan da Zamaninsu

Paul da Marie mutanen ƙauyen Nanteuil-de-Bourzac ne, a yankin Dordogne da ke kudu maso yammacin Faransa. Watanni kaɗan da ɗaura aurensu aka buga gangar yaƙi. An ba da umarnin tara sojoji ranar 1 ga Agusta, 1914, daidai lokacin da alkama ta nuna a gonaki, har firayim ministan lokacin, René Viviani, ya fito ya yi kira ga matan karkara da su maye gurbin mazajensu su ƙarasa girbi. Gwamnati ta karɓe dawaki da yawa don aikin soja. Ta kuma yanka wa matar soja mabuƙaciya faranka 1.25 a rana, da santim 50 a kan kowane ɗa. Paul bai tuɓe kaki ba sai a 1919. Ya yi aiki a rundunar manyan igwogi, ya halarci gumurzun Verdun da na Somme a 1916, da harin Chemin des Dames na watan Afrilun 1917, sannan aka tura rundunarsu Italiya bayan kashin da Italiyawa suka sha a Caporetto a ƙarshen wannan shekara. A tsakiyar wannan hali ne, a 1916, Marie ta haifi ɗansu na fari. Ke nan kusan shekara biyar na farkon aurensu a bisa takarda suka yi su.

Akwai abin da ya kamata mai tsara manhaja ya tsaya a kansa a nan. Ta yaya aka yi manomi da matarsa, a ƙauyen da harshen gida karin Occitan ne, suka iya rubuta wa juna ɗaruruwan wasiƙu da Faransanci? Dalili shi ne dokokin ilimi na Jules Ferry na 1881 da 1882, waɗanda suka mayar da karatun firamare kyauta kuma dole ga yara maza da mata daga shekara 6 zuwa 13. Matasan da suka tafi yaƙi a 1914, da matan da suka bari a gida, 'ya'yan wannan doka ne. A wata maƙala da Hanna ta fitar a 2003, ta nuna cewa makarantun wancan zamani sun ɗauki rubutun wasiƙa da muhimmanci a darasin insha'i, suna nuna wa yaro cewa wasiƙa ita ce igiyar da ke riƙe zumunci idan nisa ya shiga tsakani. Da yaƙi ya zo, gwamnati ta ɗauke wa sojoji da iyalansu kuɗin kan sarki, sai wasiƙu suka ɓarke, har aka ƙiyasta cewa kimanin miliyan 4 ne ke kai da komowa a kowace rana. Darasin da aka koyar a aji shekaru goma ko ashirin da suka gabata, shi ne ya zama hanyar da aure ya rayu. Mu da muke ware wa wasiƙa mako biyu a zango, ya kamata wannan ya ba mu kunya kaɗan.

3.0 Jigo

Wanda ya ji an ce wasiƙun soja zai zaci jigonsu jarunta ce. Ba haka abin yake ba. Babban jigon waɗannan wasiƙu shi ne riƙon gida daga nesa, kuma yaƙi da noma duk ƙananan jigogi ne da ke yi masa hidima. Misalin da ya fi fito da wannan shi ne na Verdun. An fara wannan gumurzu ranar 21 ga Fabrairu, 1916, bai lafa ba sai a watan Disamba, kuma ya lashe rayukan dubban ɗaruruwan Faransawa da Jamusawa. Paul yana can a bakin igwa, Marie tana gida da juna biyu. Abin da manazarta suka fi jinjina wa shi ne yadda ya riƙa bayyana mata munin abin da idonsa ke gani, sannan da irin wannan himma ya juya kan abincin da yake ganin ya dace mai ciki ta ci. Bai ɗauki ɗaya ya fi ɗaya nauyi ba.

Mai tarke na iya kallon wannan a matsayin rauni, ya ce marubucin bai iya tsayawa a kan batu ɗaya ba. Haka ma za mu ce da ɗalibi ne ya kawo mana, kuma da mun rage masa maki a kan rashin tsari. Amma a ganinmu a nan ne ƙarfin rubutun yake. Mutumin da ke tsammanin mutuwa kafin wayewar gari, idan ya zauna yana lissafa abin da matarsa za ta ci, yana gaya mata ne cewa har yanzu shi maigida ne, ba ɗan lamba a runduna ba. Bai furta haka ba, jeranta batutuwan ne ya faɗa. Irin wannan ma'ana da ke fitowa daga haɗa abubuwa biyu masu nisa da juna, mun saba nemanta a waƙa da wasan kwaikwayo, ba mu saba nemanta a wasiƙa ba.

Wasiƙun Marie kuwa sun fi karkata ga wahalar aikin gona ba namiji, da jinyar jariri maras lafiya, da labarin samarin ƙauye da ake ta aiko da saƙon mutuwarsu. Faransa ta rasa kimanin sojoji 1,400,000 a wannan yaƙi, kuma manoma ne suka fi kowa biyan wannan farashi, domin su aka fi zubawa a rundunar ƙafa. Saboda haka kada a ɗauka cewa shi ne ke cikin yaƙi, ita tana wajensa. Ita ce ke ganin gidan da aka shiga da takardar mutuwa, ita ce ke sanar da shi wanda ya faɗi a wani fagen da shi bai sani ba. Sau da yawa labarin yaƙi daga ƙauye yake tafiya zuwa bakin daga, ba daga bakin daga zuwa ƙauye ba. Batun renon yaron ma ya zama wani ƙaramin fage, inda ma'auratan suka karkata ga shawarar likita da sabon ilimin kiwon lafiya, a ƙauyen da tsofaffi suke da nasu tsarin na iyaye da kakanni. Ɗalibarmu ba ta buƙatar dogon bayani kafin ta gane wannan taƙaddama, ta gan ta a ɗakin jego.

Da wannan ne Hanna ta ƙalubalanci wani tsohon ra'ayi da ya daɗe a tarihin wannan yaƙi, wanda ke cewa sojoji sun ɓoye wa iyalansu gaskiya, har wani rami ya shiga tsakanin bakin daga da gida. Wasiƙun Paul sun nuna cewa aƙalla wasu matan sun san abin da ake ciki. Mun yarda da ita a kan wannan gida, sai dai gida ɗaya ba ya zama hujja a kan ƙasa. Wasiƙun da suka tsira har suka kai ma'ajiya su ne na auren da ya yi ƙarko da mijin da ya dawo. Kuma ɗan igwa, duk da haɗarin da yake ciki, ya fi sojan ƙafa da ke cikin ramin gaba samun damar tsira da lokacin rubutu. Malamin da zai koyar da wannan matani wajibi ne ya faɗa wa ɗalibai haka, don kada su ɗauki muryar mutum biyu a matsayin muryar miliyoyi.

4.0 Zubi da Salo

Wasiƙa tana da wata siffa da ƙagaggen labari ba shi da ita: marubucinta bai san ƙarshen labarin ba. Marubucin ƙagaggen labari, ko tsohon sojan da ya zauna rubuta tarihinsa bayan shekara ashirin, ya san wanda zai mutu da wanda zai rayu, don haka yakan daidaita farko ya dace da ƙarshe. Paul da ke rubutu a 1916 bai san za a yi sulhu a watan Nuwamban 1918 ba, bai san zai ga ɗansa ya yi tafiya ba. Wannan ya sa mai karatu, wanda shi ya sani, yake karanta kowane fata da kowane tsoro da ido biyu. Tun a 1929 wani tsohon soja kuma manazarci, Jean Norton Cru, ya tace ɗaruruwan rubuce-rubucen mayaƙan Faransa, ya fifita shaidar da aka rubuta kusa da aukuwar abu a kan wadda aka ƙawata daga baya. Da wannan ma'auni wasiƙa tana sahun gaba.

Siffa ta biyu ita ce jinkiri. Wasiƙa takan yi kwanaki a hanya, ta yi kiciɓis da wata da ke tahowa, sai amsa ta iso bayan tambayar ta tsufa. Idan uwa ta rubuta cewa yaro yana zazzaɓi, kafin uban ya karanta, ko dai yaron ya warke ko an yi abin da za a yi, amma shi a ranar zai fara nasa tashin hankalin. Shirun kwana uku kuma magana ce mai zaman kanta a wajen matar soja. Ɗaliban yau da suka saba da saƙon wayar salula, wanda ke isa kafin a ɗauke yatsa, sai an zaunar da su an nuna musu wannan kafin su fahimci dalilin yawan nanata kwanan wata da lissafin wasiƙun da suka iso da waɗanda ba su iso ba a irin wannan rubutu. A nan ne kwanan wata, wanda muke ba rabin maki, yake komawa ƙashin bayan wasiƙa.

Siffa ta uku ita ce mai karatu na uku. Tun daga 1915 rundunar Faransa ta kafa kwamitocin binciken wasiƙu, waɗanda ke buɗe wani kaso suna karantawa. An hana soja faɗin inda yake, adireshinsa lambar shiyyar gidan waya ce kawai. Saboda haka kowace wasiƙa an rubuta ta ne ga mace ɗaya, amma da sanin cewa wani hafsa na iya leƙawa. Abin da aka faɗa a fili, da wanda aka sakaya, da wanda aka bari sai an zo hutu, duk wannan mai leƙe ne ya tsara su. Hutun ma ba a fara bayar da shi ba sai a tsakiyar 1915. Bahaushe ya san zancen da ake yi a gaban suruki, don haka wannan salo ba baƙo ba ne a gare shi.

Ba za mu ɓoye aibin da ke akwai ba. Wasiƙun yau da kullum cike suke da maimaici: tambayar lafiya, ƙorafin jinkirin gidan waya, batun ƙunshin abinci da aka aika, kewa da begen juna. Wanda ya ɗauki irin wannan tari ya karanta daga farko zuwa ƙarshe zai gaji. Abin da ya sa littafin Hanna yake karantuwa shi ne ta tsame, ta jera, ta cike giɓi da bayanin tarihi. Wannan kuwa yana da nasa farashi. Muryar da mai karatu ya fi ji a littafin ta masaniyar ce, ma'auratan suna shigowa ne a gutsure, a inda ta buɗe musu ƙofa. Ƙari a kan haka, an juya su daga Faransancin mutanen ƙauye zuwa Ingilishin jami'a, kuma fassara takan goge tuntuɓen rubutu da ɗanɗanon karin harshe, waɗanda su ne shaidar cewa hannun da ya riƙe alƙalamin ya fi sabawa da garma. Wanda zai fassara zuwa Hausa daga Ingilishi zai zama hannu na uku. Shawararmu ita ce, in za a yi, a nemi izini a koma ga Faransancin, kuma muna da malaman da suka iya harsunan biyu a sassan Faransanci na jami'o'inmu da kuma a Nijar.

5.0 Matsalar Kunya

Wannan ita ce matsalar da ta fi ɗaukar mana lokaci. Marie tana kiran mijinta da sunansa, tana zancen ɗanta na fari ba sakayawa, kuma su biyun suna bayyana sha'awar juna a sarari, kamar yadda ango da amarya da aka raba za su yi a takardar da suke fatan ba mai gani. A al'adar Bahaushe ta gargajiya mace ba ta faɗin sunan miji, tana kuma nuna alkunya ga ɗan fari. Mai fassara yana tsakanin abu biyu. Idan ya mayar da sunan ya koma "maigida", ya sa Marie ta riƙa kauce wa ambaton ɗanta, to ya ɗaura mata zane ya mayar da ita Bahaushiya, ya yi wa tarihi ƙarya. Idan kuma ya bar komai yadda yake, akwai sassan da ba malamin da zai iya karantawa a gaban aji, balle iyaye su ji.

Matsayinmu shi ne a zaɓa, amma kada a sauya. A bar sassan da suka shafi sirrin aure a inda suke, a gaya wa ɗalibai a gabatarwa cewa an bar wasu, don kada su zaci ma'auratan ba su san komai ba sai alkama da igwa. Abin da aka ɗauka kuwa a fassara shi da gaskiya, da sunan da komai. Bambancin da ɗalibi zai ji a kunnensa shi kansa darasi ne. Malami na iya tambayar aji: da matar nan 'yar Bichi ce ko 'yar Tasawa, da wace kalma za ta buɗe wasiƙar, kuma ta yaya za ta sanar da miji cewa ta sauka lafiya ba tare da ta keta alkunya ba? Ga ɗaliban da ke koyon Hausa a matsayin harshe na biyu, a Aba ko Ibadan, wannan tambaya za ta koya musu kalmomin girmamawa da sakaya zance fiye da jadawalin da ake haddacewa.

6.0 Namu Sojojin

Wani zai ce me ya kai mu Dordogne alhali muna da namu? Tambayar tana kan hanya. Sojojin rundunar Nijeriya, waɗanda Hausa ce harshen bariki a wajensu, sun yi yaƙi a Kamaru daga 1914 zuwa 1916, da Gabashin Afirka daga 1916 zuwa 1918. A yaƙi na biyu sun je Habasha, sannan runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma suka tafi Bama. Mafi yawansu manoma ne da suka bar gona da iyali, kamar Paul. A wannan lokaci ne kuma jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a watan Janairun 1939 da Abubakar Imam a matsayin edita, ta riƙa kawo wa masu karatun Hausa labarin yaƙin.

Amma yanayin wasiƙar ya bambanta ƙwarai. Matar sojan da ke ƙauyen Kano ko Katsina a 1944 ba ta bi ta makarantar dole ba. Takarda in ta zo, ko da ajami ko da boko, malamin unguwa ko ɗan makaranta ko mai rubuta wasiƙa a bakin gidan waya ne zai karanta, sau da yawa a zaure a gaban maza, kuma galibi ga uba ko wa ake aikowa, matar sai dai a ce a gaishe ta a cikin jerin mutanen gida. Wasiƙar taro ce, ba ta mutum biyu ba. Wannan ne ya sa doguwar gaisuwar da muke gani a wasiƙar Hausa, wadda ke bin kowa da sunansa har yaran gida, take da aiki na gaske: wanda aka tsallake zai ji a gaban jama'a. Idan aka ajiye wasiƙar Marie kusa da irin wannan, ɗalibi zai gane cewa zubin wasiƙa yana bin wanda zai karanta ta da inda za a karanta ta.

Abin da ya rage shi ne a samo su. Tsofaffin da suka je Bama kusan duk sun riga mu gidan gaskiya, amma akwatunansu na ƙarfe suna nan a wasu gidaje, tare da lambobin yabo da takardun sallama. Malaman Hausa na kwalejojin ilimi za su iya ba ɗalibansu na shekarar ƙarshe aikin bincike su tambaya a garuruwansu, su ɗauki hoton duk takardar da aka samu da yardar magada, su rubuta wanda ya aiko da wanda ya karanta wa iyali, sannan su mayar wa masu ita da abarsu a ranar.